Jan ƙaho da layar Rumawa: abin da na gani a Napoli

Duk mai cewa Turawa ba su san camfi ba, ya je Napoli a kudancin Italiya ya buɗe ido. Direban tasin da ya ɗauko ni daga filin jirgi yana da wani ɗan jan ƙaho mai kama da barkono rataye a madubin gaba. Irinsa na tarar a ƙofar gidan da na sauka. Mai gidan, wata dattijuwa da ta ƙi barina in kwanta sai na ci taliya, ta ce maganin mugun ido ne. "Ɗana, kada ka saya wa kanka," in ji ta, "sai an ba ka kyauta yake aiki."

A babban gidan adana kayan tarihi na birnin na gane tushen abin. Da yawa daga cikin kayan daga Pompeii aka tono su, garin da dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79 miladiyya. Na daɗe a gaban wata 'yar laya ta zinare, zagayayya, mai kamar ƙaramin gwangwanin kwalli. Bulla Rumawan dā suke kiranta. Ana rataya wa ɗa namiji tun yana jariri, a zuba wani abin tsari a ciki, ba ya cire ta sai ranar da ya sa tufafin manya, sannan ya miƙa ta ga gumakan gidansu. Mai kuɗi ya yi ta zinare, talaka ya yi ta fata. 'Yan mata kuwa siffar jinjirin wata ake rataya musu. Wallahi ta fatar nan ba ta da maraba da layar da kakanninmu ke ɗaura wa jarirai don kambun baka. A addinina ba na yarda da tsarin gunki, amma tsoron da uwa ke ji idan aka ƙura wa ɗanta ido, wannan na san shi sarai.

Akwai wani ɗaki da aka rufe shekara da shekaru, sai a 2000 aka buɗe wa kowa. A ciki akwai ƙararrawa ta tagulla masu siffar al'aurar namiji, da ake ratayawa a ƙofar shago. A ganinsu abin kunya ko abin dariya yana ɗauke hankalin mai hassada, ƙarar kuma ta kori mugun abu. Ban jima a ciki ba.

Har hannu Rumawan dā suna tsari da shi. Su dunƙule, su cusa babban yatsa tsakanin manuniya da na tsakiya. A wancan zamanin, a watan Mayu, maigida kan tashi tsakar dare ba takalmi, ya yi wannan alama, yana jefa baƙin wake ta bayansa don sallamar fatalwar matattu. Mutanen Napoli na yau sun fi miƙe manuniya da ƙaramin yatsa su nuna ƙasa.

A unguwar masu sassaƙa ta San Gregorio Armeno wani mai shago ya ce ƙaho ɗaya yuro goma. Na taya uku, ya fizge daga hannuna yana faɗa, ko kallona bai sake yi ba. Tsada da rashin haƙuri sun yi wa wurin yawa, ruwan sha ma sai ka yi tunani kafin ka saya.

Pompeii kanta rana ce da cunkoso, ƙafa ta gaji da duwatsun titi. Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Roma.