Nawa ne kuɗin lasisin?

Yau wani Alhaji daga Nima ya kawo mini tsohuwar rauta, wato na'urar raba intanet, shagona a Circle, nan Accra, wai in gyara ko in jefar. Da na kwance sukurorinta, sai ga guntun MediaTek MT7621, ƙwaƙwalwar rautar, cikin ƙura, mai tsarin MIPS, irin da kwamfutocinmu ba sa amfani da shi. Na ɗora mata OpenWrt, wato manhajar Linux ta rauta, fitilunta suka kama ƙyaftawa. Da ita zai sayar wa maƙwabta intanet.

Ya zaro sidi ɗari: "Ɗana, nawa ne lasisin?" Na ce, "Baba, kyauta ne, lasisin manhajar, GPL, bai hana kasuwanci ba." Ya daɗe yana kallona. Ni kuma har yanzu ina tunanin mutanen da ban sani ba, suna kula da manhajar wannan tsohon guntu ba ko sisi daga gare mu.