Tambayar da na daina yi a mitin

Wallahi abin da ya fi damuna a wurin aiki shi ne shirun da mutane ke yi idan an yi kuskure. Watannin baya wata ma'aikaciya a sashenmu ta tura rahoto da lissafin da bai yi daidai ba, ta gano tun ranar Talata amma ta ja bakinta ta yi gum har Juma'a, lokacin kuwa rahoton ya riga ya kai teburin manya. Da na tambaye ta dalili sai ta sunkuyar da kai tana juya biro a hannu ta ce "oga tsoro na ji". Maganar nan ta tsaya min a rai. Ban taɓa yi mata tsawa ba, amma sai na tuna yadda nake yi a mitin, da an kawo matsala abin da ke fara fita daga bakina shi ne wa ya yi wannan?

Ashe masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano abin. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton rukunin likitoci da nas-nas da suka fi jituwa su za a samu da ƙarancin kuskuren ba da magani, sai lissafi ya nuna su ne ma suka fi yawan rahoton kuskure. Da ta bi diddigi ta fahimci su ba sa ɓoyewa ne, ragowar kuwa kowa rufe nasa yake don gudun wulaƙanci. A 1999 ta fitar da nazari kan wannan, wato mutum ya samu natsuwar cewa in ya yi tambaya ko ya ce na yi kuskure ba za a ci masa fuska ba. Kamfanin Google ma ya fara nasa binciken a 2012 kan rukunai wajen 180, kuma wannan natsuwar ce ta fito kan gaba cikin abubuwan da ke sa rukuni ya yi aiki mai kyau.

Akwai kuma wata ɗabi'a da masanin halayyar ɗan Adam Lee Ross ya laƙaba wa suna a 1977, wato in wani ya makara da aiki mu ce malalaci ne ba tare da duba yanayin da yake ciki ba. Amma in mu ne muka makara mu ce ai abubuwa ne suka cakuɗe mana. Ni ma haka na yi mata a zuciyata, na ce sakaci ne, sai daga baya na gano fayil biyu aka tura mata masu suna iri ɗaya, kowa ma zai iya ruɗewa.

To yanzu na canza tambayata, nakan ce a ina aikin ya karkace, me za mu gyara. Sannan ni nake fara faɗin kuskuren da na yi a satin kafin kowa, kuma ƙananan ma'aikata nake bari su fara magana, don da zarar oga ya faɗi ra'ayinsa shikenan kowa sai gyaɗa kai. Satin farko shiru aka yi min kamar ruwa ya cinye su, ba wanda ya yarda da gaske nake. Sai a sati na uku ita wannan baiwar Allah ta ɗaga hannu ta ce oga akwai lamba ɗaya da nake shakka a shafi na huɗu, a duba kafin a tura. Aka duba, kuskure ne kuwa, minti goma aka gyara.