Matse bakin kwanso: kuskuren da na daɗe ina yi

Da na fara ɗura harsashin 9mm da hannuna, na ɗauka matse bakin kwanso shi ke riƙe dalma, wato kan harsashin. Duk sanda na ga kan harsashi ya nutse ciki, sai in ƙara murɗa ƙarfen matsin. Ashe ɓarna nake ƙarawa.

Wata rana na zare kan wani harsashi don in duba. Sai ga zobe a jikinsa kamar an ɗaure shi da waya, har rufin jan ƙarfen ya tsage. A nan na gane: tagulla in an matse ta takan ɗan dawo, dalma kuwa inda aka kai ta nan take tsayawa. Ka matse da yawa, dalma ta ƙanƙance, kwanso ya saki, riƙon da kake nema ya tafi.

Riƙo na gaske tun wurin mayar da kwanso girmansa ake samunsa, cikinsa ya ɗan fi dalma ƙunci. Daga nan mukan buɗa bakin kaɗan don dalma ta shiga ba ta kankaru ba. Aikin matsi shi ne ya rufe wannan buɗin, shi ke nan.

Libarba, wato ƙaramar bindiga mai gangar harsashi da ke juyawa, daban take. Kwansonta na da gezar da ke tare shi ta baya, don haka ana naɗe bakin ya shiga tsagin dalma. Amma 9mm Luger da .45 ACP, leɓen kwanson ne da kansa ke tokarewa a mazauninsa cikin bututu. In ka naɗe shi, harsashi na iya zarcewa gaba, allurar da ke bugun gindinsa don ya tashi ta kasa bugunsa sosai, ko bakin ya cushe a maƙogwaron bututu, ƙarfin fashewa ya hau.

Yanzu ban yarda da ido ba, sai ma'auni. A ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar Amurka mai tsara ma'aunin bindigogi da harsasai, bakin 9mm ba ya wuce inci 0.380, na .45 ACP kuma 0.473. Lissafina: kaurin dalma, a ƙara kaurin bangon kwanso sau biyu. Da dalma mai 0.355 nakan tsaya wajen 0.377. Kuma na raba zaunar da dalma da matsi, kowanne da zagayensa. Ya fi cin lokaci, amma na daina ganin kankararriyar dalma.

Nutsewar dalma cikin kwanso ita nake tsoro ƙwarai. Kwanson 9mm ƙarami ne, in dalma ta koma ciki yayin da take hawa bututu, filin albarushi ya ragu, matsin wuta ya tashi sosai. Shi ya sa nakan auna tsawon harsashi, in danna kansa da ƙarfi a jikin teburi, in sake aunawa. Wanda ya gajarta, gefe nake ajiye shi in warware.

Sauran kuma in cire bututun daga bindiga, in jefa su cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ina son in ji ƙwal, in kifa bututun harsashi ya faɗo da kansa.