Ƙugin da ya hana tsohuwar jitata magana

Jitar nan ta girme ni. Jitar lantarki ce ƙirar Stratocaster ta 1974, fentinta ya koɗe daidai inda hannun mai ita na farko yake gogawa, kuma ina ƙaunarta fiye da duk wani kayan kiɗa da na taɓa riƙewa. Wata uku da suka wuce ta fara ƙugi. Da na jona ta da amfilifaya sai in ji zuuu, kamar zuma ta shiga tulu. Wani abokina ya ce in kwashe kayan cikinta kaf in zuba sababbi. Raina bai kwanta da shawarar ba, domin muryar da nake so a cikin waɗannan tsofaffin wayoyin take.

Na fara da abu mafi sauƙi: na canza kebul, na canza amfilifaya. Ƙugin yana nan daram.

Irin wannan jita dama tana da ɗan ƙuginta na gado. Maɗaukin sautinta, abin da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai amfilifaya, maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi, zagaye dubbai, kuma naɗi guda ne, don haka yana kwaso hayaniyar wutar gida. Wannan matsalar ce ta sa wani injiniya, Seth Lover, ya ƙera mai naɗi biyu, wanda kamfanin jita na Gibson ya sa wa jitarsa ƙirar Les Paul a 1957. To amma a jita mai lafiya, da ka ɗora yatsa kan tsirkiya sai hayaniyar ta lafa. Tawa ko gezau. Sai na taɓa ƙarfen bakin soket, nan take ta yi tsit. A nan na gane inda gizo yake saƙa: wayar da ke haɗa tsirkiyoyi da ƙasa, wato wayar "earth", ta rabu.

Na kifa jitar kan tawul, na kwance murfin baya. Ga wayar nan baƙa, manne da farantin da ke riƙe sifirin, ga dalmarta dunƙule a kai, a ido lafiya lau. Da na ɗan taɓa ta da bakin sukuddireba sai ta motsa. Dalmar ta yi fari-fari, ta tsage ta ƙasa. Da alama wani mai gyara ya taɓa yi mata soda ƙarfen bai yi zafi ba. Farantin yana da kauri, yana shanye zafi, shi ya sa sai na kankare wurin har ya yi ƙyalli, na haƙura ya ɗauki zafi sosai kafin dalmar ta malala ta kwanta. Na sa mitar gwajin wuta tsakanin tsirkiya da soket, ta yi ƙara, alamar wayar ta haɗu. Daɗin da na ji a lokacin ba ya misaltuwa.

Saura ƙaraf-ƙaraf ɗin da bolum yake yi idan an murɗa. Na kwance sukurori 11 na murfin gaba, na ɗaga shi a hankali don kada wata waya ta tsinke. A jikin bolum ɗin an buga 1377418: 137 lambar kamfanin da ya ƙera shi ce, wato CTS, 74 shekara, 18 kuma mako. Ashe na asali ne, mai kilo-om 250 a ma'aunin tirjiyar wuta. Yaya zan jefar da shi saboda ƙura? Na fesa masa maganin wanke kayan lantarki kaɗan, na murɗa shi gaba da baya wajen sau talatin, ƙarar ta ɓace. Maɗaukan sautin uku kuwa, da na auna su duk sun tsaya kusa da kilo-om 6, ban taɓa ko ɗaya ba.

Makunnin zaɓen sautinta mai matsayi uku ne, domin sai a 1977 aka fara sa mai biyar. Abokin nawa ya nace ko shi kaɗai in canza. Na goge masa tsatsa na mayar da shi, na ɗaure murfi, na gyara tsirkiyoyi. Daren nan sai da na kai ƙarfe biyu ina kaɗa ta, murya ƙasa-ƙasa.