Lissafin makamashi daga Samaru zuwa Sabon Gari

Na shiga harkar lissafin tattalin arzikin makamashi lokacin da nake digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, Zariya. Aikin shi ne ka gina tattalin arzikin ƙasa a cikin kwamfuta: gidaje, masana'antu, gwamnati, tashoshin wuta, kowa da abin da yake saye da abin da yake sayarwa. Sai ka taɓa abu ɗaya, kamar ƙarin kuɗin fetur ko haraji kan hayaƙi, ka ga yadda sauran za su motsa. Irin wannan aikin ne ya sa aka bai wa masanin tattalin arziki William Nordhaus lambar yabo ta Nobel a 2018, saboda tsarin da ya gina na haɗa ɗumamar duniya da bunƙasar arziki a lissafi guda.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Akwai manhajar kwamfuta ta OSeMOSYS, wadda kyauta ce, akwai manhajar LEAP ta cibiyar muhalli ta Stockholm. Amma dole ka iya lissafi sosai, ka koyi harshen bai wa kwamfuta umarni kamar Python ko R, ka kuma koyi haƙuri da wutar da take ɗaukewa kana tsakiyar aiki.

Inda idona ya buɗe shi ne bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500. Lissafin kwamfuta yana buƙatar lamba ɗaya mai nauyi: idan farashi ya ƙaru, nawa mutane za su rage amfani? Sau da yawa daga binciken wasu ƙasashe ake aro ta. Malamina ya ce, “Malam, ɗauki littafi ka shiga kasuwa, ka samo mana tamu.”

A Sabon Gari na zauna da wani mai markaɗe. Bai rage ko ɗigon fetur ba, domin in injin ya tsaya, abincinsa ya tsaya. Kuɗin kwano ya ƙara, masu kawo tattasai da wake suka biya. A Tudun Wada kuma wata dattijuwa mai ƙosai ta nuna mini tukunyar gas a kife a lungu, ga murhu yana ci. Na ce, “Inna, hayaƙin nan fa?” Ta ce, “Ɗana, gas sai ka tara kuɗi dunƙule, icce kuwa ko na ɗari biyu za a ba ka.” Wannan maganar ta canja mini tsarin gaba ɗaya. Talaka yana duba abin da zai iya saya yau da ɗan abin da ke hannunsa, ko da a ƙarshen wata ya fi tsada. Na koma na raba gidaje a lissafin gwargwadon yadda kuɗi ke shigo musu, na kuma sa janareta da gawayi, waɗanda ba kasafai suke bayyana da kyau a alƙaluman hukuma ba.

Abin yana damuna, domin Najeriya ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021 cewa za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2060, kuma da irin wannan lissafin ake tsara hanyar. Idan wanda ya gina shi bai san murhun Inna ba, takarda za ta ce hayaƙi ya ragu, alhali dazukan Birnin Gwari ne ke tafiya a buhunan gawayi.

Masu tambayata ko akwai abin yi a wannan fanni, akwai. Hukumar Makamashi ta Ƙasa da majalisar sauyin yanayi da dokar 2021 ta kafa suna buƙatar masu wannan ilimi, haka ma jami'o'i. Cibiyar bincike ta ƙasa da ƙasa, IIASA, da ke Ostiriya tana karɓar ɗaliban digiri na uku na 'yan watanni kowace shekara. Ni dai yanzu ina tattara farashin icce, gawayi da gas a unguwannin Zariya duk wata, damina da rani, don na gaba da ni ya tarar da alƙalumanmu na gida.