Godiya: yaronmu ya iso gida, da zarensa a cikin jaka

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, yau kwana 12 da saukarmu Minnesota ta Amurka tare da yaronmu da muka ɗauko riƙo daga Koriya ta Kudu. Sai yanzu ya yi barci mai nauyi har na samu na zauna. Saƙonninku sun taru a waya ban amsa ba, ku yafe ni. An ce yaba kyauta tukuici, to ga nawa, ko da bai kai ba.

Wata 16 muka yi tsakanin ranar da aka turo mana hotonsa na farko da ranar da aka miƙo mana shi. A wancan hoton yana da wata 6, ko zama bai gama iyawa ba. Yanzu da gudu yake tsere mini. Masu tambaya "wai me ake jira ne?", ga amsarku yau. Tun dokar 2012, Koriya ba ta barin a fita da yaro sai kotun iyali ta amince. A lokacin da muka nema, kafin kotu sai ma'aikatar lafiya da walwala ta ba da izinin fita. Sannan mu je Seoul mu tsaya gaban alƙali, mu dawo gida hannu rabbana, a jira hukunci ya tabbata, mu sake komawa ɗauko shi.

Ban taɓa zagin wannan doka ba, ko a daren da na fi kuka, kuma dalilina yana kwana ɗaki ɗaya da ni. Maigida ɗan can ne. An kawo shi Amurka yana jariri a 1985, shekarar da aka fitar da yara sama da 8,000 daga ƙasar. Duk tarihinsa shafi biyu ne, ba sunan uwa ba na uba. Idan jinkiri ne kuɗin da za mu biya don yaronmu ya san asalinsa, mun biya da daɗin rai. Amma fa zuciya ba ta karanta doka.

Ranar da ta fi yi mini nauyi ita ce ranar da ya cika shekara ɗaya. Mutanen Koriya suna kiranta dol, shagalin kuma doljanci, kuma a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne. A da, yara da yawa ba sa kai shekara, don haka wanda ya kai sai a tara dangi a yi murna. Ana sa wa yaro hanbok, kayansu na gargajiya masu launi, a zaunar da shi a bayan tebur da aka jera 'ya'yan itatuwa da farin tuwon garin shinkafa da ake turarawa, da wasu ƙananan curi na garin dawa da aka birkiɗa cikin jan wake. Da na gaya wa Hajiya wannan a waya sai ta ce, "Au, ashe su ma suna cin dawa? To ai mutanen kirki ne." Dangi na kusa kan kawo zoben zinariya ɗan ƙarami, mai nauyin giram 3.75. Sai abin da kowa ke jira, doljabi: a baza kaya a gaban yaro a ga wanda zai fara ɗauka. Zare tsawon rai ne, shinkafa wadata, kuɗi arziki, alƙalami ko littafi ilimi. Iyayen zamani sun ƙara da abin sauraren ƙirji na likita, da makirufo, da gudumar alƙali.

Mu dai wasa muka ɗauke shi, gaibu na Allah ne. Amma wasan da ba ka wurin, ga ɗanka a tsakiya, yana da ciwo. Seoul ta riga mu da awa 14 a lokacin, don haka da rana ta take a can ranar Asabar, mu nan ƙarfe goma na daren Juma'a ne. Ba mu da lambar gidan da yake, komai ta ofishin da ya haɗa mu da yaron yake bi. Ba mu ma san ko za a yi masa wani abu ba. Maigida ya dafa miyokguk, miyar ganyen teku da suke sha ranar zagayowar haihuwa, wadda uwa ke sha bayan ta haihu. Muka zauna gaban kwano biyu, ya ce mini shi ba shi da hoton dol, bai san ko an taɓa yi masa ba. Miyar nan a firji ta kwana.

Bayan mako uku sai ga hotuna. Shi ya sa godiyata ta farko, bayan Allah, ga matar da ta riƙe shi take, wadda yake kira Omma, wato mama da yarensu. Ba ta jin Hausa, ba za ta taɓa karanta wannan ba, amma ina so ku san ta. Ta san sarai ba nata ba ne, ta san ranar rabuwa na zuwa, duk da haka ta jera masa tebur cikakke a falonta, ta sa masa hanbok da hula, ta tara 'ya'yanta da maƙwabta. A hoto ɗaya ana ganin hannun mijinta yana turo abin likitan kusa da yaron, wai shi dabara. Yaron ya tsallake shi ya cafko zare, ya kai baki.

Tun daga ranar jiran ya sauya mini kama. Da ina ganin kamar an ajiye yaron ne a wani lungu yana jiranmu. Hotunan suka nuna mini shi ba ya jiran kowa, yana rayuwarsa cikin mutanen da ke ƙaunarsa. Mu ne masu jira, kuma mu manya ne, za mu iya.

Ranar miƙawa ba zan iya ba ku labarinta duka ba. Ta zo da jaka biyu: hanbok ɗin, kundin hotuna tun yana jinjiri, takarda da ta rubuta abin da yake ci da yadda yake barci, da zaren nan a naɗe cikin farin ƙyalle. Ta riƙe hannuna biyu ta yi magana mai tsawo, mai fassara tana kuka ta kasa kai mini rabinta. Allah ya saka miki da alheri, Omma.

Gwaggo, ke kuma na rasa bakin gode miki. Na yi miki dariya da kika aiko mini da zani da majanyi daga Zariya, na ce yaron da ke gudu wa zai goya? Kwana uku ya yi a otal yana kuka yana nuna ƙofa, ya ƙi ni ya ƙi babansa. A dare na uku na tuna a takardar Omma an rubuta a baya yake barci, don su ma suna goyo, da wani mayafi mai igiya da suke kira podegi. Na sunkuya na ɗora shi, na ɗaure zani, na ja majanyi. Ya yi ajiyar zuciya, ya kwantar da kai. Har yau haka muke barci.

Hajiya, na gode da tashin dare da addu'a, da yadda tun ranar farko kika ce "jikana" ba tare da wani ƙari ba. Yaya, na gode da ka tsaya mini a wurin masu cewa me ya kai mu ɗauko bare ga 'ya'yan dangi. Ban riƙe kowa ba, na san wasu tausayi ne ya sa su. Malam, mun gode da nasihar kada mu shafe masa nasaba. Sunan da mahaifiyarsa ta raɗa masa yana nan, da shi muke kiransa. Surukaina, da suka yi irin wannan jira shekaru kusan 40 da suka wuce, su suka tarbe mu a filin jirgi. Matan unguwa da kuka cika mana firji da miyar kuka da dambun nama, Allah ya bar zumunci.

Akwai kuma wadda ban sani ba, ban taɓa ganin fuskarta ba, wadda ta ɗauki cikinsa ta haife shi. Na tabbata ranar dol ɗin nan ba ni kaɗai na kasa cin abinci ba. Mun bar wasiƙa da hotuna a fayil ɗinsa, duk ranar da ta nema za ta samu.

Masu son zuwa barka, ƙofa a buɗe take daga mako mai zuwa, bayan la'asar. Roƙo ɗaya nake yi: kada a miƙa hannu a ɗauke shi tukuna, ko da ya yi murmushi. An taɓa ɗaukarsa daga hannun wadda ya sani bai koma ba, har yanzu baƙon hannu tsoro yake ba shi. Ku zauna a ƙasa kusa da shi, shi zai zo da kansa. Idan ya miƙo muku abu da hannu biyu, ku karɓa da hannu biyu, haka Omma ta koya masa. Walima sai bayan ya cika shekara biyu nan da wata biyu, in Allah ya kai mu, za mu sanar.