Baƙuwar da ta shigo a gindin murjani

Wata shida bayan na haɗa akwatin gilashina na ruwan gishiri, mai cin lita 300, na sayo wani ɗan reshen murjani kore, wato murjani mai rai, dabbar teku da ake kiwo a irin wannan akwati, a wani shago a garin da nake zaune a nan Ingila. A daren da na dasa shi, bayan fitilun akwatin sun mutu, na haska tocila domin in ga ko ya saki jiki, sai na hangi wani abu ruwan ƙasa a gefen 'yar kujerar yumɓun da aka manna shi a kai. Tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, yana da siraran yatsu masu tsini a kewaye da baki, kamar ƙaramar bishiyar dabino, kuma jikinsa garai-garai ne har hasken tocila yana ratsa shi. Ya ba ni sha'awa, na bar shi. Wannan ita ce Aiptasia, kuma na shafe fiye da shekara guda ina fama da zuriyarta.

Aiptasia dabba ce, duk da cewa ido yana ganinta kamar fure. Tana cikin dangin da ake kira anemoni, 'yan uwan murjani na kusa, kuma irin da ya fi addabar masu kiwo shi ne wanda masana yanzu suke kira Exaiptasia diaphana. Yatsunta cike suke da ƙananan ƙwayoyin dafi, sannan idan aka tsokane ta tana fitar da wasu fararen zaruruwa daga baki da gefen jiki, waɗanda su ma dafi ne da su. Duk murjanin da ta tsira a kusa da shi ba ya samun sakat. Na ga wannan a kan wani gungun zowantid, dangin murjani masu laushi da ke fitowa kamar ƙananan furanni a cunkushe, da nake ji da shi: da farko furanni uku da ke daf da ita suka daina buɗewa, bayan mako biyu suka tsuke kamar tsohon zogale, daga nan suka narke. A kan murjani mai ƙashi kuwa, naman gefen da take shafa yana zagwanyewa ya bar farin ƙashi a fili, gansakuka kuma ta zo ta hau.

Abin da ya sa take da wuyar kashewa shi ne hanyar cinta biyu ce. A cikin namanta akwai wata ƙaramar gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ke haɗa mata abinci da haske, irin wadda murjani yake da ita, kuma ita ce ke ba ta launin ƙasa. Idan babu haske sai ta yi fari fat, ta ci gaba da rayuwa da abin da yatsunta suka cafko daga ruwa. Saboda haka kashe fitila na kwanaki ba ya kashe ta, murjani kawai zai wahala, rage abinci kuma yana rage saurin yaɗuwarta ne kaɗai.

Kuskurena mafi girma shi ne kankara. Da na gane ko wace ce, lokacin sun kai biyar ko shida, na sa tsinke da tsohon buroshi na kankare su daga dutsen a cikin ruwan, na ga wurin ya yi fes, hankalina ya kwanta. Bayan mako uku na ƙirga fiye da talatin, wasu a kan dutsen, wasu a jikin gilashi, wasu a can ɗaya kusurwar. Dalili shi ne ko ba a taɓa ta ba, Aiptasia tana hayayyafa ta hanyar barin 'yan guntayen tafin gindinta a baya yayin da take matsawa a hankali, kuma kowane guntu yana fitar da baki da yatsu cikin 'yan kwanaki ya zama cikakkiyar dabba. Wanda ya taɓa nome kiri-kiri a gona ya san wannan hali, domin duk gaɓar da fartanya ta datse ta bari a ƙasa sabuwar ciyawa ce. Da buroshin nan na yi mata aikin da za ta ɗauki watanni tana yi, famfon ruwa kuma ya raba irin ko'ina.

Wannan taurin rai da ke ba mu ciwon kai shi ne ya sa masana kimiyya suke ƙaunarta. Murjani yana da wuyar reno a ɗakin bincike, ita kuwa tana yaɗuwa a cikin kwano, kuma ana iya raba ta da gansakukarta sannan a mayar mata, abin da ya sa ake amfani da ita wajen fahimtar dalilin da murjani ke koɗewa ya yi fari idan teku ta yi zafi. A shekarar 2015 aka wallafa cikakken tsarin ƙwayoyin halittarta, a aikin da masu bincike na jami'ar KAUST da ke Thuwal, a bakin Bahar Maliya arewa da Jidda, suka jagoranta. Sanin wannan ya sa na daina kallonta a matsayin ƙazanta, na fara kallonta a matsayin halitta mai dabara wadda sai an san halinta ake iya cin galaba a kanta.

Maganin da na fara yi da ilimi shi ne na sirinji. Akwai garin da masu kiwon murjani ke kira kalkwasa, wato kalsiyam haidiroksaid, wanda dama ana amfani da ruwansa wajen ƙara wa akwati sinadarin gina ƙashi. Ana dama shi da ruwa mai tsabta ya yi kauri kamar kindirmo, a zuƙa a sirinji. Kafin a sa hannu sai an kashe duk famfunan, ruwa ya tsaya cik. Daga nan ake kusantar dabbar a hankali, domin da zarar ta ji motsi mai ƙarfi sai ta shige rami cikin ƙiftawar ido, ba za a sake ganinta ba sai bayan sa'o'i. Na koyi ɗora bakin sirinjin a saman yatsunta in saki ɗigo ɗaya, ita kuma ta ɗauka abinci ne ta rungume shi, sannan in tura saura har ya rufe bakinta da jikinta gaba ɗaya kamar an kifa mata farar hula. Ina barin famfunan a kashe na kusan minti ashirin, sannan in zuƙe ragowar da wani sirinjin kafin ruwa ya ɗebe shi ya watsa a kan murjani, domin ƙuna yake yi. Ma'aunin pH, mai nuna tsamin abu ko kaifinsa irin na kanwa, ya haura 12 a wannan gari, alhali ruwan akwati yana son zama tsakanin 8.1 da 8.3, don haka ba na wuce guda biyar ko shida a rana ɗaya. Ana sayar da haɗaɗɗun magunguna masu aiki kusan haka, irin su Aiptasia-X na kamfanin Red Sea, wasu kuma suna yi wa dabbar allurar ruwan lemon tsami ko tafasasshen ruwa, wasu su toshe raminta da gam.

Duk waɗannan suna aiki a kan wadda ido ya gani kuma hannu ya kai gare ta. Wadda gindinta yake can cikin ƙoƙon dutse takan dawo bayan kwana goma, wani lokaci da 'ya'ya a kewaye. Ranar da na buɗe ƙaramin tankin da ke ƙasa, inda matacin ruwa yake, na haska cikin bututun da ruwa ke gangarowa, na ga farare ƙanana jere a cikin duhu, sai na gane cewa sirinji ba zai gama wannan yaƙi ba.

A nan akwai gargaɗin da ba na son kowa ya tsallake. Idan abin ya ishi mutum, zuciyarsa takan raya masa ya ciro dutsen ya zuba masa tafasasshen ruwa ko ya dafa shi. Idan akwai zowantid ko danginta da ake kira palitowa a jikin dutsen, wannan yana iya kai mutanen gida asibiti, domin wasu daga cikinsu suna ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani, kuma tururi yana ɗaukar ta zuwa huhu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahoto a 2015 kan mutanen da suka kamu da ciwon numfashi a jihar Alaska, a gidaje da shagunan kifi, wanda ake zargin wannan guba ce ta jawo. Ni ba na taɓa irin wannan dutse sai da safar hannu da tabarau, kuma ba na kai shi kusa da wuta.

Daga nan na koma neman abin da zai cinye ta. Kowa yana fara ambaton ɗan jatan landen nan mai jan zane, na jinsin Lysmata, wanda ake kamowa a tekun Fulorida da Karibiyan. An daɗe ana sayar da su duka da suna ɗaya, Lysmata wurdemanni, har sai a 2006 da masana biyu, Andrew Rhyne da Junda Lin, suka nuna cewa nau'o'i da yawa ne masu kama da juna, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa wani zai rantse da aikinsu, wani ya ce nasa ko kallonta ba sa yi. Akwai kuma wani mai ƙusumbi, Rhynchocinetes, da ake rikita su da shi, wanda murjani mai laushi yake ci. Masu jan zanen guda uku da na sayo sun share ƙananan Aiptasia da ke kusa da maɓoyarsu, suka bar manyan, da suka gano lokacin da nake zuba wa kifi abinci kuma suka rage himma.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne kifin da ake kira Chelmon rostratus, mai dogon baki da ratsin ruwan tagulla. Kyakkyawa ne ƙwarai, kuma an san shi da cin Aiptasia, amma yana kai santimita 20, yana son wuri mai faɗi, kuma da yawansu ba sa karɓar abincin da ake ba kifin gida. Na saye shi ne a matsayin magani, ban tsaya na ce a ba shi abinci a gabana a shagon ba. Ya yi kwanaki yana zagaya duwatsu yana cusa baki a ramuka, na gwada masa daskararren jatan lande da naman kawa, ya ƙi, na ga bayan kansa yana lotsawa, cikin mako na huɗu ya mutu. Rai ne da aka ɗauko daga teku mai nisa aka danƙa mini amana, ban kuma shirya masa ba. Tun daga ranar ba na ba kowa shawarar wannan kifi sai wanda yake son kifin don kansa kuma yake da halin ciyar da shi ko babu Aiptasia ko ɗaya. Akwai wani kifin mai sauƙin reno, Acreichthys tomentosus, wanda har ana ƙyanƙyashe shi a gonakin kifi, sai dai wasunsu sukan koma kan zowantid da murjani mai tsoka, ni kuma su ne rabin akwatina, don haka ban kawo shi ba.

Wadda ta raba gardama wata 'yar halitta ce da ba ta cika ido ba, Berghia stephanieae, dangin dodon koɗi amma ba ta da ƙoƙo, wadda masani Ángel Valdés ya bayyana wa kimiyya a 2005 daga tsibiran kudancin Fulorida. Babbarta ba ta wuce santimita biyu zuwa uku ba, bayanta da 'yan tsirarrun gashi masu laushi, kuma ba ta cin komai a duniya sai Aiptasia. Na karɓo guda takwas a wurin wani mai kiwo da ke hayayyafa su, bayan na kwashe jatan landen na ba wani, domin suna cinye Berghia, haka nan wasu kifayen da ke kiwo a jikin dutse. Na kashe famfo, na kwantar da 'yar kwalbar a gindin dutse da dare, na bar su suka fita da kansu. Ba a ɗora su kai tsaye a kan bakin Aiptasia, domin babba tana iya haɗiye su.

Daga nan sai shiru. Mako biyar ban ga ko ɗaya ba, Aiptasia kuma tana nan yadda take, har na fara zaton kuɗina sun bi ruwa. Wani dare wajen ƙarfe biyu na haska ƙarƙashin wani dutse, na ga wani farin zare a naɗe kamar gammo, ƙarami ƙwarai, manne da dutsen. Ƙwai ne. Kowace Berghia mace ce kuma namiji, da zarar biyu sun haɗu sai ƙwai, kuma suna ƙyanƙyashewa cikin kamar mako biyu. Guda takwas ɗin da na saya iri ne kawai, 'ya'yansu da jikokinsu ne suke yin aikin. A wata na uku na fara ganinsu su huɗu ko biyar sun kewaye Aiptasia ɗaya ta gindi, suna ci a hankali, jikinsu ya koma ruwan ƙasa saboda gansakukar da suka haɗiya tare da namanta, da safe kuma sai rami wayam. Suna shiga inda sirinji ba ya shiga, har cikin bututu da tankin ƙasa, kuma ba sa barin guntun da zai sake tsira. Kafin wata na biyar ya ƙare sai na yi ta haskawa ban ga Aiptasia ko ɗaya ba.

Nasarar tana zuwa da nata nauyin, domin idan abincin Berghia ya ƙare yunwa ce ke kashe su. Da na ga sun yi fari suna yawo a jikin gilashi da rana, abin da ba halinsu ba ne, na gane lokaci ya yi, na riƙa zuƙe su a hankali ina kai wa wasu masu kiwo biyu da ke cikin halin da na fito. Ya kamata kuma mutum ya tabbatar da abin da yake yaƙa kafin ya sayo su, domin akwai wata anemonin da ake kira majano, gajeruwa mai kauri, sau da yawa da ɗan kore-kore, yatsunta masu dunƙulallen kai, wadda Berghia ba ta ci. Ita wannan sai sirinji, ko a ɓamɓare ta gaba ɗaya a wajen akwati.

Yanzu ina da wani ƙaramin akwati mai lita 40 a gefe, da fitilarsa da na'urar ɗumama ruwa a digiri 25, kuma duk murjanin da ya shigo gidan nan sai ya yi wata guda a ciki kafin ya haɗu da saura. Ina yanke shi daga kujerar da ya zo da ita in jefar da ita, in manna shi a sabuwa, domin ruwan maganin da ake tsoma murjani yana korar tsutsotsi da ƙwari amma Aiptasia tana tsuke jiki ta tsira. A makon jiya, dare na tara da killace wani sabon reshe, tocila ta nuna mini 'yar ƙarama guda ɗaya a ƙasan ƙashinsa, siririya kamar gashin ido. Na ciro reshen, na datse wannan gefen da almakashin ƙashi a cikin kwano, na shafe wurin da gam, na mayar da shi, na kuma sake fara ƙirga watan daga farko.